Atamfar Mutane

Ƙarfe biyun dare, Mabera ba wuta,
bazara ta kori kowa tsakar gida.
Na ji an taɓa ƙyaure, ba bugu ba, taɓi,
irin na mai tsoron kada katanga ta ji.

Luba ce, ƙanwata, da goyo a baya,
hannu ɗaya a mara, ɗaya a bango.
"Yaya, kak ki hwaɗi ma kowa."
Na kwance Sahabi daga bayanta,
wata takwas, bakinsa da sauran nono.

Kwanika ce. Ta ƙirga, ta sake ƙirgawa.
Ɗinkin da aka yi mata ranar haihuwarsa
har yau yakan motsa in hadari ya haɗu.
Maigidan yana hanyar Illela da lodin albasa.
Wata ta gaya wa wata, aka nuna mata shago,
aka miƙo ƙwayoyi a yagen littafin lissafi,
ba kwali, ba suna, ba ranar lalacewa.
Ba wanda ya ce, sati nawa ne?
Ba wanda ya ja fatar idonta ya duba jini.
Ba wanda ya ce, in kin ga kaza, ki ruga.

Ni tela ce, awo ne abincina,
da ido nake sanin yadin da zai isa riga.
Daren nan na auna abin da ban taɓa aunawa ba:
ƙunzugu na fari ya jiƙe kafin ruwa ya tafasa,
na biyu kafin ya huce,
na uku na yanko shi daga atamfar mutane,
wadda za a sa a bikin Asabar.

Jikinta murhu, haƙoranta na kaɗawa,
tafin hannunta fari fat kamar allin zanena.
Ta miƙe za ta kewaya, ƙasa ta juya da ita.
"Bari gari shi waye," in ji ta, "mutane..."
Na ce, mutanen nan da kike jin nauyi,
wa zai ara miki numfashi a cikinsu?

Na ta da Bawa mai keke.
Bai tambaye ni komai ba. Allah ya saka masa.

Malamar jinya, tabarau a kan hanci,
ba ta ɗaga murya ba, ba ta ɗaga gira ba.
"Yaushe rabonki da al'ada?
Me kika sha, guda nawa, tun ƙarfe nawa?
Ciwon gefe guda yake, ko ya hau kafaɗa?
Faɗa mini gaskiya, ita zan yi aiki da ita.
Wani cikin ba a mahaifa yake zama ba,
ƙwaya ba ta kai inda yake,
sai hoto ke nuna shi, wani sa'in a makare."

Na miƙa mata takardar. Ta juya ta,
ba komai sai lissafin wani yaro, an ci shi gyara.

Aka yi hoto. Saura ne ya maƙale,
shi ya gayyato zazzaɓi.
Aka wanke, aka rataya ruwa, aka nemi jini,
na naɗe hannun riga na ba da leda guda,
ina kallonsa yana tafiya inda ya san hanya,
nono ɗaya muka sha.

Assalatu ta same mu a benci, ni da Sahabi.
Malamar ta fito tana goge hannu:
"Da kun jira rana, da wata magana muke yi.
Ta dawo in duba ta, ko da ta ji garau.
Akwai zancen tazara, in tana so mu zauna,
ita kaɗai, ko da shi."

Ban yi wa Luba faɗa ba, ban iya ba.
Na jiƙa mata gero, na sa a nemo hanta da zogale.

Ran Juma'a mai atamfa ta zo karɓa,
ta ga zani ya gaza da kamu biyu.
Na ce awona ne ya kuskure,
ta cire a kuɗin ɗinki.