Wurin Maraƙi

Idon Ngo Kangyang ya yi yana,
ni nake mata karatu da dare
a ɗakinta na Gada Biyu, gefen kaskon gawayi,
bargo biyu a gwiwarta, sanyin Jos yana laluben ƙofa.
Jiya ta ce, buɗe mini wurin maraƙi.

Na buɗe. Musa ya hau dutse ya daɗe,
kwana arba'in babu motsinsa.
Mutanen da suka ratsa teku ƙafarsu a bushe
suka ƙosa, kamar masu layin mai.
Suka ciro 'yan kunne, na mata, na yara,
aka zuba a wuta.
Nan harshena ya sarƙe.

Ci gaba mana, in ji ta,
hannunta yana kan kunnenta na hagu,
inda ta sa tsinken tsintsiya
don kada huda ta toshe.

Wata bakwai ke nan.
A gwangwanin madara suke, ƙarƙashin gado,
mijinta ya sayo su da kuɗin kuza
shekarar da ya baro Bukuru da tari a ƙirji.
Maƙerin Taminus bai tambaye ni komai ba,
ya goga a dutse, ya ɗora a sikeli, ya ƙirga.
Kuɗin ba su kwana uku ba.
Shagon caca, ƙwallon wata ƙasa,
ina tsaye gaban allo, baki sake,
ina roƙon abin da ba shi da kunne.

Da ta neme su, na taya ta nema.
Na ɗaga katifa, na zazzage kwando,
sannan a hankali, kamar ba na so,
na ambaci Nanret mai ɗebo mata ruwa.
Shekararta goma sha uku.
Aka ɗaure mata kaya a leda,
aka sa ta a mota zuwa Pankshin.

Karanta mini amsar Haruna, ta ce.
Na karanta yadda ya ɗora wa wuta laifi,
wai zubawa kawai ya yi.
Ta yi dariya har tari ya kama ta:
tun yaushe wuta ta yi hannu?

Musa ya ƙone abin, ya niƙe shi lilis,
ya barbaɗa a ruwa, ya sa suka sha.
Ta ce, ka ga magani.
Abin da ka durƙusa wa
sai ya bi ta maƙogwaronka,
ka ji ko yana ƙosarwa.

Gawayi ya koma toka ta gefe ɗaya.
Can wajen Jenta wani kare yana kuka.
Na rufe littafin a kan yatsana.
Ngo, na ce, ni ne.

Ba ta juyo ba.
Na sani, ta ce. Ido ne ya tafi, kunne na nan.
Na ji gwangwani a daren,
na ji takunka, kana jan ƙafar dama.
Na yi shiru don kai jinina ne,
na bari aka kori 'yar mutane.
Kofin nan, mu biyu za mu sha.

Ta laluba ta kama tsintsiyar hannuna.
Suna da bunsurun da ake ɗora wa laifin gari,
a kora shi jeji.
Ban taɓa jin an je an dawo da shi ba.
Motar Pankshin tana tashi ƙarfe shida.
Ɗauko mini zanen cocina, da sanda.

Yanzu muna tasha, gari bai gama wayewa ba.
Mai shayi ya miƙo mana kofi ɗaya,
na zuba sukari cokali uku,
har yanzu ƙarfe nake ji a harshe.
Ngo tana gyara tsinken kunnenta,
tana bita a ƙasa-ƙasa
abin da za ta faɗa wa uwar yarinyar.
Ni ban sami nawa ba tukuna.