Reshe da Ƙulli

Tun Talata ruwa bai ɗauke a Ancud ba.
Ni Baldovino ina ɗinkin taru a bakin murhu,
jikata Fresia ta baje takarda a kan tebur.
Tambaya guda aka ba su a makaranta:
me ke kashe kifi a keji idan teku ya yi ja?

Ta rubuta TEKU a tsakiya, ta kewaye shi da shuɗi.
Sai layuka suka ɓalle ta ko'ina:
gishiri, jirgi, gansakuka, zafi, bashin babanta,
har karen Eladio mai haushin igiyar ruwa
ya sami reshensa, da jan alƙalami.
Ba ta ɗaga kai ba sai da shayi ya huce.
Ta ce, Kaka, taswirar tunani ke nan,
duk wanda ya ƙwanƙwasa min rai na buɗe masa.

Na sa tabarau. Ta yi kyau, kamar rana a zanen yara.
Sai dai kowane reshe uwarsa kawai ya sani.
Zafi na gabas, gansakuka na yamma,
ko gaisuwa ba ta haɗa su.

Jumma'a takardar ta dawo
da rubutun Malama Nolfa a gefe, ƙanana kamar tururuwa:
Kin tara baƙi. To, wa ya san wa?

Ta yi fushi har dare. Sannan ta ɗauko sabuwa.
Wannan karon tambayar ta hau sama,
akwatuna suka jeru a ƙarƙashinta,
kuma babu layin da zai tsallaka
sai ya biya kuɗin fito da kalma.
Zafin ruwa yana ciyar da gansakuka.
Gansakuka tana shanye iska.
Rashin iska yana shaƙe kifi.
Ta karanta da ƙarfi, kowane layi ya tsaya da ƙafarsa, jimla.
Wannan, in ji ta, taswirar ma'ana ce, kuma ba ta da tausayi.

Kare ya rasa kalmar da za ta riƙe shi, aka sallame shi.
Bashi ya zauna daram.

Saura akwati ɗaya can a gefe, maraya:
ragowar abincin kifi da ke nutsewa ƙasan keji.
Ta tauna fensir. Ta goge. Ta sake.
Sai ta ja dogon layi ya ratsa takardar a karkace
har ya taɓa gansakuka,
ta rubuta a kansa: yana zama taki ga.
Ta yi shiru.
Babanta ne ke watsa abincin nan tun kafin a haife ta.

Ban ce komai ba. Shekara hamsin ina wannan aiki,
na san tarin igiya ba taru ba ne,
ƙulli ne ke kama kifi,
shi ne kuma ke yanka yatsa.

Ruperto ya shigo jiƙe, yana warin keji.
Ya tsaya a kanta bai cire takalmi ba,
ya bi layin da ɗan yatsa, sau biyu.
Ya karɓi fensir, ya ƙara akwati: albashi.
Ya ja layi, ya tsaya,
bai sami kalmar ba.

Ta biyun ta tafi makaranta a cikin leda.
Ta farkon tana manne a saman gadonta,
don kare yana ciki.