Abin da ke Cikin Bargon Mati

Shekara huɗu buhun yana bayan keke.
Na shinkafa ne da can,
yanzu cikinsa ragowar auduga,
abin da almakashi ya bari
bayan an gama na masu kuɗi.
Cima ta ce in zubar, ɓeraye na haihuwa ciki.
Na ce to. Ban zubar ba.

Jiya da aka ɗauke kuran bayan la'asar,
keke ya yi shiru,
na zazzage buhun kan tabarma.
Wani kamu guda, wani tafin hannu,
wani siriri kamar wutsiyar damo,
da fari, da wanda ajiya ta sa ya fara ja,
da guda mai warin kananzir, ban san dalili ba.

Na san su.
Mai kaurin nan na bargon mai goron Bagalam ne,
wanda ya taya jikka uku, ya biya biyu.
Wannan na shimfiɗar jaririn Habsu,
yaron yanzu yana lakkwal, yana jifar mangwaron mutane.
Wannan kuwa mai shi bai dawo ba.
An ce ya yi arewa, wajen zinariya.
Bargonsa na nan sama cikin leda,
ina kakkaɓe shi duk Juma'a.

Maigidan da ya koya mini a Mokoyo, Allah ya jiƙan shi,
ranƙwashi ya fi yi bisa magana,
amma wannan ya faɗe ta da baki:
kar ka ɗora gefe kan gefe.
In ka ɗora, kunya za ta tashi,
irin ta gona, mai kwanciya ya ji ta a haƙarƙari,
sannan irin ta ido, ranar da ya dawo maka da kayanka.
Daidaita bakin,
matso da su su gaisa kawai,
allura ta yi ta kai saƙo tsakani,
nan, can, nan, can,
zare sako-sako, ɗaurin talala.
In ka ja da ƙarfi su tattare
kamar goshin mai bin bashi.

Haka na yi har sauro ya fito.
Mai kauri na ɓare shi biyu,
marar kauri na ƙara masa da ɓurɓushin gindin buhu.
Na ɗaga wa tocila,
don inda haske ya wuce, nan sanyi zai bi.
Wuri uku. Na toshe.
Guntu ashirin da bakwai na ƙirga,
sai ga gonakin bakin Gulbi in ka hango su daga tudu,
kowace da iyakarta,
ba wadda ta yi daidai da maƙwabciya.

Sama na rufe da atamfar da ta yi kwantai,
ƙasa da ragowar yadin ƴan makaranta.
Ba mai sake ganin ɗinkin nan.
Bana ba aikin da ya ci mini ido kamarsa,
kuma shi ne ba mai biya.

Na Mati ne, ƙanena,
mai gadin shagunan bakin tasha,
da ke kwana kan benci da kwali biyu,
yana tari tun watan jiya, yana cewa ba komai.
Na kai masa bayan lisha.
Ya juya shi, ya danna da yatsa,
ya ce nawa ka kashe?
Na ce ko dala. Ya harare ni.

Da safe ga shi ƙofar shago,
ido a kumbure, bargo a kafaɗa.
Ya ce, Yaya, kai za ka sa a kore ni.
Shekara shida kiran asalatu bai taɓa wuce ni ba,
yau mai ƙosai ce ta tashe ni.
Na ce kawo in farke, in rage masa.
Ya ƙara naɗe shi a hammata.

Cima ta ɗauki buhun, ta kakkaɓe shi waje,
ta dube shi ciki da bai,
ta maida shi bayan keke,
ta buɗe masa baki.