Tatsa

Cima ta dawo daga lakwal da alli a yatsa,
ta ce Mushe Kiyari ya ba su aikin gida:
kowa ya kawo jimla ɗaya da kalmar tatsa.
Ta rubuta: Kakata a Mirriya tana tatsar saniya.
Na ce daidai ne. Na ci gaba da taka keke.

Daidai ne, ƴata, amma rabi kika faɗa.
Kakarki sai ta saki maraƙi ya fara sha,
ta shafa hantsa, ta kira saniyar da sunanta,
in ƙwarya ta kusa cika ta janye hannu.

Ɗaya rabin ranar Alhamis yake zuwa
rumfata a Kasuwar Dole, bayan azahar.
Yakan yi sallama, ya tambayi gajiya,
ya shafa shaddar mutane da na rataya,
ya ce: Baba, wannan yadin ba ya son wuta,
ga dare a nan tsawo gare shi.
Sai hannuna ya san hanyar aljihu da kansa,
jikka biyu, wani makon uku.
Ya ce Allah ya ƙara kasuwa. Kuma da gaske yake.

Da ƙwace ne da sauƙi. Mai ƙwace sau ɗaya yake zuwa,
ya fizge, ya ruga, ka yi kururuwa a taya ka.
Ɓarawo ma yana jin kunyar rana.
Shi wannan kuɗin gadi yake kiran abinsa,
gadin ashanar da ke cikin aljihunsa.

Mai tatsa ba ya yanka, Cima.
Ya san makon da ɗinkin salla ke shigowa,
ya san makon da babu, ya ƙyale ni in yi kiwo.
Na san uwarsa a Kara-Kara.
Ni na ɗinka masa wandon da ya fara zuwa lakwal da shi,
har na bar masa tsawo don zai girma.

Duk wannan a ciki na faɗe shi, keke na ta ƙara.
Ta ɗago kai daga allo, ta ce:
Baba, wai saniya ba ta harbi?
Na ce takan yi, shi ya sa ake mata dabaibayi.
Ta ce wa ke ɗaure ta?
Zare ya tsinke. Na lashi bakinsa,
na nemi kafar allura, hannuna ya ƙi tsayawa.
Na ce je ki kawo mini fitila.