Tsohuwar Tanda a Kakuri

Ran Talata takarda ta iso,
da jan hatimi, da sa hannun wani babba.
Alhaji Maiwada ya karanta a tsaye,
ya ninke ta huɗu, ya cusa a hula.
Ya ce, "Tanko, wai hayaƙinmu ne
ke rikita wa damina lissafi."

Ni kuwa shekara goma sha tara
ina ciyar da bakin tandar nan.
Na san ƙarar ƙirya in ta kama,
na san marke, ba ya gaggawa,
na san ɗanyen icce mai hawaye
da ke ɓata burodin asuba.

Wata shida aka ɗiba mana.
Na farko Alhaji ya sha zagi shi kaɗai.
Na biyu ya je taron ƙungiya a otal,
ya dawo da jaka da biro
da sababbin kalmomi masu sarƙe harshe.
Na uku aka shafe bango da kore,
aka zana ganye biyu a ledar burodi.
Ya dasa mangwaro huɗu a ƙofa, aka ɗau hoto.
Akuyar maƙwabta ta cinye uku.

Sai ga tandar gas a bayan a-kori-kura,
bashin banki, fara ƙal kamar kayan asibiti.
Ba ta tari, ba ta toka.
Yaron da ya haɗa ta
ya nuna mini maɓalli uku, ya ce shi ke nan.
Shekara goma sha tara.
Maɓalli uku.

Bitrus ya zo daga hanyar Kujama,
mota maƙil da icce, kamar kullum.
Alhaji ya shige ofis ya ja ƙofa,
ni aka bari da bakin faɗa.
Bitrus ya daɗe yana duban koren bango,
sannan ya roƙi ruwan sha.

Ba zan ci amanar gaskiya ba:
tarin dare ya sake ni,
Asabe ta daina dirzar wuyan rigata.
Kuma bara da kogi ya fusata
na ga katifar ƙanwata a Nasarawa
tana iyo a tsakar gida.
Don haka ban ce takarda ta yi ƙarya ba.

Amma gas ya yi fiffike,
burodi ya rame, kuɗinsa ya yi ƙiba,
mai shayi na auna shi a tafi yana harara ta.
Tsohuwar tanda kuwa ba a rushe ta ba,
kwano aka jingina mata a baki.

Jiya, ƙarfe biyun dare,
ƙullu ya tashi, tukunya ta yi shiru.
Alhaji ya tsaya bayana, bai dube ni ba.
Can ya ce, ƙasa-ƙasa,
"Har yanzu kana da lambar Bitrus?"

Na ce ban goge ba.