Iskar Baya

A Yuma, cikin Yuli,
rana ba fitowa take ba, faɗo maka take a ka.
Ni a gaba, sitiyari a hannu, sanyi har gwiwa,
babana Eusebio a kujerar baya
tun da ido ya raba shi da lasin.
Bai ce uffan ba.
Shi dama ko ƙaya ya taka, cewa zai yi takalmi ne ya matse.

Nayeli ce ta tona.
Ta kwance ƙyallen gashinta, ta kara a bakin kafar iska ta baya,
ƙyallen ya ɗan motsa, ya yi hamma, ya kwanta.
Baba, ta ce, esin naka a nan numfashin tsohuwa yake.
Na dubi madubi: rigar kakanta ta manne da ƙirji,
hularsa ce fankarsa.

Ran Asabar na faka a-kori-kurar a inuwar dabinon maƙwabci.
Na murɗa fanka har ƙarshe: gaba guguwa, baya raɗa.
Na rufe kafofin gaba duka huɗu,
ko iskar za ta ji kunya ta juya.
Ta yi fito a gindin gilashi, ta ƙi.
Fiyus lafiya lau. Gas ma bai ragu ba,
don ɗan abin da ke fitowa da sanyinsa,
ƙarfi ne babu.

Na zare akwatin gaban fasinja, na jawo matacin iska:
ƙurar gonar latas ta shekara uku,
fiffiken fara, busasshen ganye, rabin rasit ɗin mai.
Sabo dala ashirin da biyu. Na saka, na ce an gama.
Na koma baya, na miƙa tafin hannu,
kamar kyanwa ce ke huci a kai.

Leandro, bar ta haka nan,
in ji tsoho daga kan bokitin da ya kifa ya zauna,
ni zafi bai dame ni ba.
Sau uku ya faɗa.
Da ina da wayo, da na gane tun a nan.

Kusoshi shida ne, biyu sun ɓuya ƙarƙashin mazaunin kofi,
ɗaya ta faɗa inda ba a dawowa.
Na ɗaga murfin da ke tsakanin kujeru,
na kwanta a karkace, ƙafa a waje, tocila a baki, gumi a ido.
Ga baƙin bututu ya taso daga gaba, ya ratsa gefen giya,
bai tsage ba, bai zame daga mahaɗa ba.
Na bi shi da ƙwanƙwasa.
Farkonsa na amsawa fayau,
tsakiya ta amsa kamar mai mura.

Na raba mahaɗar, na zura waya mai ƙugiya
ina jiran sheƙar ɓera.
Safa ce ta fito.
Safar ulu, ruwan toka, an cusa an danna da sanda,
a dundunniyarta ga ɗinkin mahaifiyata.

Shiru ya yi tsawo har kurciya ta sa baki.

Lokacin ni ke tuƙi, ya ce, yana kallon ƙasa.
Shekara goma sha huɗu.
Sanyin bai isa biyu ba,
baya kuwa ba kowa sai buhun iri, da kare,
da kai.

Na tuna kowane bazara na shekarun nan,
cinyata manne da leda, ina zagin kamfanin mota.
Na buɗe baki, dariyarsa ta riga ni,
dariya har da tari, har bokitin ya goce.
Ramin mugunta, ya ce, na manta ban gina shi gajere ba.

Na mayar da bututu, na ɗaure kusoshi biyar.
Nayeli ta kara ƙyalle, ya miƙe tsaye kamar tuta.

Yanzu kullum a hanyar San Luis
sai in ji murya daga baya:
rage, rage, za ka kashe ni da sanyi.
Ba na ragewa.
Safar na nan a aljihun kujera, na wanke masa.