Sayi Naka, Maƙwabci

Gidanmu a Valparaíso hawa uku ne,
manne a ƙirjin tudu kamar kaska,
bangonsa da kauri, sigina ba ya ratsawa.
Shi ya sa 'yata Ximena ta kawo fararen akwatuna uku:
ɗaya a bakin ƙofa, ita ce uwa,
ɗaya a kan firji,
ɗaya can sama a ɗakin ɗinkin Fresia.
Suna miƙa wa juna saƙo hannu da hannu
yadda muke miƙa buhu a tashar jiragen ruwa
kafin ƙugiyar inji ta karɓe mana aikin.

Daren Laraba waya ta ce akwai sabuwar manhaja,
kada a kashe wuta sai an gama.
Na danna, na ɗora ruwan shayi.
Goma cikin ɗari. Talatin da ɗaya. Sittin da bakwai.
Sai ƙasa ta ɗan motsa,
irin motsin da ba ma barin kujera dominsa.
Cokula suka yi gulma a aljihun tebur,
wuta ta lumshe ido, ta buɗe.
Shi ke nan.

Uwa ta yi jan ido.
'Ya'yan biyu na ƙifta ruwan goro,
suna kira, ba mai amsawa.

Ximena daga Punta Arenas, iska na yagar muryarta:
Baba, zare filogi, ƙirga talatin.
Na ƙirga. Ja.
Sauko da ta sama, ajiye ta gefen uwar.
Matakala arba'in da biyu, gwiwoyina sun san adadin.
Ja dai.
Canza igiyar. Na canza, na hura ramin kamar mai fifita garwashi.
To Baba, saura abu guda.
A bayanta akwai ɗan rami, nemo abu mai tsini,
danna ka riƙe har fitilar ta mutu.
Amma fa komai zai goge. Har sunan.

Har sunan.
Fresia ce ta raɗa shi, tana dariya har da tari:
Sayi Naka, Maƙwabci.
Shekara biyu ke nan da na raka ta makwancinta,
amma duk wanda ya hau layinmu da waya a hannu
sai ya ci karo da tsiwarta tana yawo a iska.

Na zauna. Shayi ya huce.
Jirgi ya yi kuka a ƙasa, karnuka suka karɓa.
Na sake hawa arba'in da biyun,
na buɗe gwangwanin biskit ɗin da babu biskit,
na zaro allurarta, da sauran koren zare a kunne.
Da ita na danna.
Daƙiƙa goma na riƙe, ina jin bugun jini a yatsa.

Fitila ta mutu. Ta dawo fara,
ba ta san kowa ba, kamar baƙuwa a tasha.
Manhaja ta sake sauka, wannan karon ƙasa ta yi haƙuri.
Ɗari cif.
Aka tambaye ni suna.
Na rubuta nata, harafi harafi, da yatsa guda,
kalmar sirri kuwa na sa sabuwa, tsohuwar ta ɓace mini.
Shuɗi a ƙofa. Shuɗi a firji.
Ta ɗakin ɗinki ta ja rai, sannan ta bi sahu.

Da safe aka ƙwanƙwasa.
Baldomero ne, silifas a ƙafa, hula a hannu,
yana kallon ko'ina ban da fuskata.
Ya ce, Eleodoro, ka canza kalmar ne?
Ita ta ba ni, tun lokacin da aka yi min aikin ido,
da sharaɗin kada ka sani.

Na dube shi. Na dubi allurar a kan tebur.
Na ce, shigo, ruwa na kan wuta,
faɗa min tsohuwar in mayar.